Zauren Stokesay da Manoman da Suka Ɗauki Nauyinsa

A gundumar Shropshire ta ƙasar Ingila, kusa da iyakar Wales, akwai tsohon gidan Stokesay, wanda wani attajirin fataucin gashin tumaki, Laurence na Ludlow, ya gina a ƙarshen ƙarni na 13. A 1291 Sarki Edward na Ɗaya ya ba shi izinin yi wa gidan ganuwa. Bai daɗe yana cin moriyarsa ba, domin a 1294 ya nutse a teku.

Har gobe masana na jayayya kan ganuwar da gwalalon da ke kewaye da ita: don tsaro aka yi su, ko don nuna isa? Ni dai ina bayan masu cewa nuna isa ne. Mai tsoron kibiya ba zai buɗe dogayen tagogi a bangon zaurensa na waje ba. Da sojojin majalisa suka iso a 1645, lokacin yaƙin basasar Ingila, nan da nan aka miƙa wuya.

Zauren nan shi ya fi kama mini zuciya. A tsakiyarsa ake hura wuta, ba a yi wa hayaƙi bututu ba, sai ya tashi ya turnuƙe katakon rufi. Maigida da iyalinsa suna kan teburinsu a ƙurya, barori da baƙi suna ƙasa da su, kowa ya san mazauninsa, amma wuta ɗaya ake ji. Daga baya masu hali suka koma cin abinci a ɗakunansu, wannan haɗuwar ta mutu, kuma abin takaici ne.

Su kuwa manoman ƙauyukan da ke ƙarƙashin irin waɗannan gidaje, wuyansu a ɗaure yake. Kowane mako sai sun ba gandun maigida kwanaki. A injin niƙansa kaɗai za su niƙa hatsi, ya ɗebi rabonsa. Mai aurar da 'ya sai ya biya kuɗi. Magidanci ya rasu, maigida ya zaɓi dabbar da ta fi kyau a garkensa. Da kaka ne kawai ake ɗan sakewa, a fita girbi kamar gayya, maigida ya ciyar da kowa.

Wata babbar annoba da ta ɓarke a 1348 ta rage ma'aikata, ƙwadago ya yi tsada, aikin dole ya fara gushewa. Yanzu ƙungiyar English Heritage ke kula da gidan Stokesay, kuma duk mai bukata yana iya sayen tikiti ya shiga.