Iskar da ke sa barci a ɗakin tiyata, amma ta bar jijiyar ciwo ido biyu

Wanda aka taɓa yi wa tiyata ya san yadda abin yake: a rufe masa hanci da abin shaƙa, a ce ya ja numfashi, sai dai ya farka ya tarar an gama. Tun ranar 16 ga Oktoba, 1846, da William Morton ya gwada iskar eta a kan wani majiyyaci a birnin Boston na Amurka ake cin moriyar wannan hikima. Sai dai an fi shekara ɗari ana amfani da ita ba a san takamaimai inda take taɓawa a jiki ba.

Da farko an ɗauka cewa iskar tana narkewa ne a cikin maiƙon da ke lulluɓe da ƙwayar jijiya, shi ke nan. Daga baya aka gane cewa a jikin wannan lulluɓi akwai wasu 'yan ƙofofi da sinadaran sodiyam, potasiyam da kalsiyam ke shige da fice ta cikinsu, kuma da wannan kai-komon ne jijiya ke aika saƙo. A ƙwaƙwalwa da laka, iskar tana ƙarfafa ƙofofin da ke kwantar da jijiya, ta kuma wangale wata ta potasiyam mai suna TREK-1, sai saƙo ya mutu a hanya.

Abin mamakin yana can bakin jijiyoyin da ke jiyo ciwo a fata da maƙogwaro. Akwai wata ƙofa, TRPA1, wadda ɗanyar tafarnuwa ke buɗewa. Ita ce kuma barkonon tsohuwa ke bugawa har mutum ya yi ta hawaye. A 2008, Gerard Ahern da abokan aikinsa a Jami'ar Georgetown suka nuna cewa iskokin sa barci na isoflurane da desflurane, masu yaji a hanci, su ma suna buɗe ta. Sevoflurane da halothane kuwa ba sa yi. Ɓerayen da aka sa barci da isoflurane sun fi waɗanda aka ba sevoflurane kumburi bayan an shafa musu sinadari mai zafi. Wato mutum na can ya yi nisa a barci, jijiyar ciwonsa tana nan tana kururuwa, ba mai ji ne kawai.

Kada a yi saurin yanke hukunci. Ɓera ba mutum ba ne. Amma binciken ya fayyace abin da likitocin sa barci suka daɗe suna gani da idonsu: desflurane na jawo tari da shaƙewar maƙoshi, shi ya sa yaro ake fara masa da sevoflurane, kuma iskar kaɗai ba ta wadatarwa sai an haɗa da maganin kashe raɗaɗi.

Saboda haka in za a yi maka aiki, kana da asma ko kana shan taba, ka faɗa wa likita tun kafin a kwantar da kai.