IDAN MAGANI YA ZAMA CUTA: YADDA AKE MAYAR DA KWAMFUTA KAN TSOHUWAR MANHAJAR TUSHE

Gabatarwa

A watan Janairu na shekarar 2018, masu kula da kwamfutoci a ƙasashe da dama sun shiga wani hali mai ɗaure kai. Kwamfutar da aka san ta da ƙoshin lafiya sai ta mutu da kanta ana tsakiyar aiki, ta kuma sake tashi ba tare da wani ya taɓa ta ba. Da aka bi sawu, sai aka tarar gyaran da kamfanin Intel ya fitar domin kare kwamfutocin daga ɓarayin bayanai shi ne ya haddasa wannan matsala. Garin gyaran gira an kusa rasa ido. Daga ƙarshe kamfanin da kansa ya nemi a daina sanya gyaran, waɗanda suka riga suka sanya kuma aka buɗe musu hanyar komawa kan tsohon zubi.

Wannan maƙala za ta yi amfani da wancan lamari domin bayyana wa ɗalibai da malamai abin da ake kira manhajar tushe, da dalilin da ya sa kuskure a cikinta kan hana kwamfuta zama a kunne ko mutuwa yadda ya kamata, da kuma yadda ake komawa kan tsohon zubi ba tare da an yi asarar na'urar ba.

Mece ce manhajar tushe?

A jikin ɗan Adam akwai wani sashe a gindin ƙwaƙwalwa, daidai inda take haɗuwa da laka, wanda ke kula da numfashi da bugun zuciya. Mutum ba ya tunanin wannan aiki, amma idan sashen ya sami matsala, sauran ƙwaƙwalwar duk hikimarta ba za ta tsinana komai ba. Kwamfuta ma tana da irin wannan sashe. Kafin babbar manhaja, kamar Windows ko Linux, ta fara aiki, akwai wata ƙaramar manhaja da ke zaune a cikin wani ɗan ƙwayar lantarki a jikin babban allon kwamfuta, wanda masu gyara ke kira madabod. Ita ce manhajar tushe, a bakin masana kuma famwaya, sunan da Ascher Opler ya ƙirƙiro a 1967.

Da zarar an danna maɓallin kunnawa, ita ce ke fara farkawa. Takan duba ma'ajiyar bayanai, ta tayar da allon kallo da madannai, sannan ta nemo babbar manhaja ta miƙa mata ragama. Tsohon nau'inta shi ne BIOS, wanda kwamfutar IBM ta 1981 ta yaɗa shi a duniya. Kwamfutocin yanzu na amfani da magajinsa mai suna UEFI, ko da yake har yau BIOS ɗin ake ce masa a kasuwa.

Akwai kuma wata manhajar da ta fi wannan nutsewa, wadda ke cikin masarrafi, wato ƙwayar da ke yin dukkan lissafin kwamfuta. Sunanta maikurokod, aikinta kuwa fassara umarni zuwa ƙananan matakai da masarrafin zai iya aiwatarwa. A 1994 an gano kuskure a lissafin rabawa na masarrafin Pentium, kuma da yake babu hanyar gyara shi daga nesa, sai da Intel ya yi asarar dala miliyan 475 wajen musanya wa jama'a. Daga masarrafin Pentium Pro na 1995 aka samar da hanyar ɗora wa masarrafi gyara. Abin lura a nan shi ne, wannan gyara ba ya zama dindindin a cikin masarrafin. Duk lokacin da aka kashe kwamfuta yakan goge, a kuma sake ɗora shi a tashi na gaba, ko dai daga BIOS ko daga babbar manhaja. Wannan ɗabi'a ce ta sa komawa baya ke yiwuwa.

Yadda kwamfuta ke mutuwa

Kashe kwamfuta ya wuce yanke mata wuta kawai. A ƙarshen 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba sun fitar da wata ƙa'ida mai suna ACPI, wadda ta tsara matakan wutar kwamfuta. Matakin S0 shi ne lokacin da take aiki, S3 barci ne mara nauyi, S4 barci ne mai nauyi da ake kwashe aikin da ke hannu a adana a faifai, S5 kuwa shi ne kashewa. Idan aka ba da umarnin kashewa, babbar manhaja takan rufe shirye-shirye, ta adana abin da ya rage, sannan ta duba wasu jadawalai da manhajar tushe ta tanadar mata domin sanin yadda za ta yanke wutar kowane sashe.

Saboda haka idan sabon zubin manhajar tushe ya zo da kuskure, alamun sukan bayyana a wajen wuta. Wata kwamfutar a ce ta mutu sai ta sake tashi. Wata allonta ya yi baƙi amma fankarta na ci gaba da juyawa. Laftof kuma yakan farka a cikin jaka, ya yi zafi, batirinsa ya ƙare. Idan kuwa kuskuren na cikin maikurokod ne, masarrafin kansa ke rikicewa, kwamfutar ta faɗi ana tsakiyar aiki.

Abin da ya faru a 2018

A ranar 3 ga Janairu, 2018, aka bayyana wa duniya wasu kafofi biyu na satar bayanai da aka raɗa wa suna Meltdown da Spectre. Cikin waɗanda suka gano su akwai Jann Horn na kamfanin Google, da Paul Kocher, da wasu masu bincike na Jami'ar Fasaha ta Graz a ƙasar Ostiriya. An sanar da Intel tun watan Yunin 2017, aka kuma tsayar da 9 ga Janairu a matsayin ranar sanarwa, amma labarin ya fasu kafin lokaci, dole aka gaggauta.

Tushen matsalar wata dabara ce ta ƙara sauri. Misalinta kamar mai shayi ne da ya hango wanda ya saba zuwa wurinsa, sai ya fara haɗa masa irin shayin da ya saba sha tun kafin ya iso. Idan ya canka daidai, an rage jira. Idan bai canka ba, ya zubar ya sake wani. Haka masarrafi ke yi: yakan yi hasashen umarnin da zai biyo baya, ya fara aiwatar da shi, idan hasashen ya kuskure ya watsar da sakamakon. To amma kamar yadda mai lura zai iya duba jiƙaƙƙen kofi da gwangwanin madarar da aka buɗe ya gane abin da aka haɗa, haka aikin da aka watsar kan bar sawu a ƙaramar ma'ajiyar masarrafi. Mugun shiri na iya bin wannan sawu ya tsinto kalmar sirri ko wani bayani da bai kamata ya gani ba.

Domin toshe nau'i na biyu na Spectre, Intel ya fitar da sabon maikurokod, kamfanonin ƙera kwamfuta kuma suka sanya shi cikin sabon zubin BIOS. A ranar 11 ga Janairu kamfanin ya amsa cewa kwamfutoci masu masarrafan Haswell da Broadwell na yawan mutuwa su sake tashi. Bayan kimanin mako guda ya ƙara da Sandy Bridge da Ivy Bridge da Skylake da Kaby Lake. A ranar 22 ga Janairu, mataimakin shugaban kamfanin, Navin Shenoy, ya sanar da cewa a dakatar da sanya gyaran, ya kuma nemi afuwa.

Hanyoyi uku aka bi wajen komawa baya. Ta farko, kamfanoni irin su Dell da HP suka janye sabon BIOS daga shafukansu, Dell kuma ya shawarci waɗanda suka riga suka sanya da su koma kan zubin da ya gabata. Ta biyu, masu rarraba Linux irin su Red Hat da Ubuntu, waɗanda ke ɗora maikurokod daga babbar manhaja, suka mayar da tsohon fayil, wanda ya fara aiki a tashi na gaba. Ta uku, a ƙarshen watan Microsoft ya fitar da wani gyara na musamman mai lamba KB4078130. Wannan bai cire maikurokod ɗin ba, sai dai ya hana Windows amfani da sabuwar kariyar da ke haddasa rikicin. Dalilin da kamfanin ya bayar shi ne, mutuwar kwamfuta ba zato na iya jawo ɓacewar bayanai ko gurɓacewarsu, alhali zuwa lokacin ba a sami rahoton an kai wa kowa hari ta wannan kafa ba. Daga watan Fabrairu zuwa Maris Intel ya riƙa fitar da gyararren maikurokod, masarrafi bayan masarrafi.

Matakan komawa kan tsohon zubi

Mataki na farko shi ne tabbatar da cutar. Abubuwa da yawa na sa kwamfuta mutuwa: ƙurar hunturu da ta toshe fanka har zafi ya yi yawa, batirin da ya tsufa, ko na'urar ba da wuta da ta fara gazawa. Tsarin tashi da sauri da Windows ya zo da shi tun zubi na 8 a 2012 shi ma yakan sa kwamfuta ta ƙi mutuwa sosai, kuma ana iya kashe shi a gwada. A Windows, umarnin msinfo32 na nuna lambar zubin BIOS da ke kan kwamfuta. Idan matsalar ta fara ne daidai bayan an sauya wannan lamba, kuma kamfanin ya amsa laifin ko masu irin kwamfutar suna kuka iri ɗaya, to akwai hujjar komawa.

Mataki na biyu shi ne kwafe muhimman fayiloli zuwa wani wuri. Idan faifan na kulle da BitLocker, wajibi ne a nemo mabuɗin ceto mai lambobi 48 a rubuta a takarda, a kuma dakatar da kullen na ɗan lokaci. Sauya BIOS kan sa kwamfuta ta yi zaton an sace faifan, ta ƙi buɗewa sai da wannan mabuɗi.

Mataki na uku shi ne samo tsohon zubin daga shafin kamfanin da ya ƙera kwamfutar kaɗai, kuma na ainihin samfurinta. Kwamfutoci biyu na iya kama da juna a ido amma allonsu ya bambanta, kuma BIOS ɗin wata na iya kashe wata. A Linux akwai shirin fwupd da ke iya mayar da na'urori da dama kan zubin baya.

Mataki na huɗu, wanda ya fi shafar makarantu a inda wutar lantarki ba ta da tabbas, shi ne tanadin wuta. Yayin rubuta BIOS ana goge tsohon ne kafin a kammala sanya wani, aikin kuma kan ɗauki 'yan mintoci. Idan aka ɗauke wuta a tsakani, kwamfutar na iya zama ba tsoho ba sabo, ta ƙi tashi kwata-kwata. Don haka a cika batirin laftof a kuma bar shi jone da caja. Kwamfutar tebur kuwa kada a fara sai tana kan UPS ko inbata mai isasshen caji. Ko allo ya yi baƙi, ko ta sake tashi sau biyu ko uku, kada a taɓa maɓallin wuta har sai ta gama.

Idan tsautsayi ya auku, wasu kwamfutocin na da hanyar ceto. A laftof ɗin Dell da yawa ana danne Ctrl da Esc yayin jona caja, a HP kuma maɓallin Windows da B tare da na kunnawa. Wasu allunan Gigabyte na ɗauke da ƙwayar BIOS biyu, ɗaya na jiran ko-ta-kwana, wasu na ASUS kuma na iya karɓar BIOS daga filash ko da kwamfutar ba ta tashi. Idan duk babu waɗannan, sai mai gyara ya rubuta wa ƙwayar sabon zubi da na'ura ta musamman.

Har ila yau, wasu kamfanoni kan hana komawa baya da gangan, domin kada ɓarawo ya mayar da kwamfuta kan zubi mai rauni ya sami kafar shiga. Wani lokaci akwai wurin ba da izini a cikin saitin BIOS, wani lokaci kuwa ƙofar a rufe take, sai dai a jira gyara.

Kammalawa

Idan likita ya dakatar da magani saboda illarsa ta fi ƙarfin majiyyaci, cutar da aka ba da maganin dominta tana nan ba ta tafi ba. Haka abin yake a nan. Duk wanda ya koma kan tsohon BIOS a Janairun 2018 ya sami kwamfuta mai zama lafiya, amma kafar Spectre ta sake buɗewa a gare shi, kuma wanda ya manta bai sanya gyararren zubin da ya biyo baya ba ya ci gaba da zama cikin haɗari. Komawa baya mafaka ce ta ɗan lokaci, kuma sai an auna ɓarnar da ake gani da ido da wadda ake tsoron aukuwarta kafin a yanke shawara.

Ga malamin da ke kula da ɗakin kwamfuta, abin yi a bayyane yake. Idan sabon zubin manhajar tushe ya fito, ya gwada shi a kwamfuta ɗaya na 'yan kwanaki kafin ya sanya wa sauran, musamman idan jarrabawa ta gabato. Ya rubuta lambar tsohon zubi da ta sabo da ranar da aka sauya a littafin ɗakin, ya kuma ajiye kwafin tsohon a filash. Idan ya koma baya, ya riƙa leƙa shafin kamfanin har ranar da gyararren zubi zai fito.