Da Wane Mudu Ake Auna Nasara Kan Ta'addanci?

Ranar Talata 7 ga Yulin 2015, ma'aikata sun cika sakatariyar ƙaramar hukumar Sabon Gari da ke Dogarawa, kowa rungume da takardunsa yana jiran tantancewa, sai bam ya tashi. Aƙalla mutum 25 suka rasu. Wata biyar bayan haka, Shugaba Muhammadu Buhari ya shaida wa BBC cewa an riga an karya lagon Boko Haram.

Ba ƙarya ya yi ba, da mudunsa ya auna. Mudun nan shi ne ƙasa: an ƙwato Gwoza, inda ƙungiyar ta kafa tutar daula a 2014, kuma ba ta iya riƙe manyan garuruwa kamar da. Matsalar ita ce ɗan ta'adda ba ya buƙatar gari kafin ya yi ɓarna. Babur ɗaya da daji sun ishe shi.

Mudu na biyu shi ne ƙirga gawa. Kusan kowane mako sai mun ji adadin waɗanda aka hallaka da bindigogin da aka kama. Amurka ta gwada wannan lissafi a Biyetnam, alƙaluma suna ta hawa har ranar da ta tattara nata ya nata. Mu ma sau nawa aka sanar da mutuwar shugaban Boko Haram, Abubakar Shekau, ya sake ɓullowa a bidiyo? Da ajalin ya zo a Mayun 2021, a wurin faɗa da abokan gabarsa na ISWAP ya zo, yaƙin kuma bai ƙare ba. Mutanen Tudun Biri, waɗanda jirgin soja marar matuƙi ya jefa wa bam suna Mauludi a Disamban 2023, su ma suna cikin kuɗin da aka biya, amma ba a cika sa su a lissafi ba.

Akwai kuma rigimar suna. A Yunin 2021 'yan bindiga sun shiga Kwalejin Nuhu Bamalli da dare, suka kashe ɗalibi, suka tafi da ɗalibai da malamai. A takarda, waɗannan ba 'yan ta'adda ba ne a lokacin, domin sai a Janairun 2022 gwamnatin tarayya ta sa musu wannan suna a hukumance. Uwar da ta sayar da gona ta biya kuɗin fansa, ina ruwanta da wane shafi aka rubuta su? Haka nan, hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta cewa rikicin arewa maso gabas ya ci rayuka kusan 350,000 zuwa ƙarshen 2020, mafi yawansu kuma yunwa da cuta ne suka kashe su, ba harsashi ba.

Ni dai mudun da na yarda da shi yana tashar motar Kwangila. Ka tsaya kusa da motar Funtuwa ko ta Giwa bayan la'asar, ka ji ko fasinja yana tambayar direba, "Malam, hanya lafiya kuwa?" kafin ya miƙa kuɗi. Ka zagaya kasuwar Samaru ka tambayi mai awo daga ina masararsa ta fito, kuma ko manomin ya biya wani haraji a daji kafin a bar shi ya girbe. Buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari a Nuwamban 2024, bayan shekaru tana rufe, ya fi sanarwa goma nauyi a wurina, in har ta ɗore.

Duk waɗannan ana iya ƙirga su: gonaki nawa aka koma nomawa, makarantu nawa aka buɗe, ƙauyuka nawa mutane ke kwana a ɗakunansu. Ga Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru, ga Cibiyar Binciken Aikin Gona a gefenta, da masana da ɗalibai 'yan waɗannan ƙauyuka. Su ɗauki wannan aiki, su riƙa fitar mana da lissafin duk bayan kaka.