Rayuwa a Ƙananan Garuruwan Kan Dutse: Daga Bardai ta Tibesti Zuwa Filin Zamiya na Maroko

Ƙasar Chadi, wadda aka fi sani da zafi da rairayi, ita ce ke da dutse mafi tsayi a duk hamadar Sahara. Sunansa Emi Kussi, tsayinsa mita 3,415, kuma yana cikin jerin duwatsun Tibesti a can ƙuryar arewa, wajen iyakar Libiya da Nijar. N'Djamena na shimfiɗe ne a bakin kogin Shari, tsayinta daga doron teku bai wuce mita 300 ba, zafinta a watan Afrilu kuwa yakan haura digiri 40. A tuddan Tibesti, ruwan da ya kwana waje a daren Janairu yana iya wayar gari a daskare, wasu shekarun ma har dusar ƙanƙara kan sauka bisa ƙololuwa. A irin wannan wuri, tsayi da sanyi ne ke tsara wa mutane shekararsu: abin da za su shuka, lokacin tafiya, da yadda za su yi nishaɗi.

Bardai da mutanenta

Babban garin yankin shi ne Bardai, wanda ke cikin kwarin Bardage, kimanin mita 1,000 sama da doron teku. Ya zama hedikwatar Tibesti a 2008, lokacin da aka raba tsohuwar jihar Borku-Ennedi-Tibesti. Tsakaninsa da N'Djamena ya fi kilomita 1,000 ko da a miƙe, kuma mai mota sai ya kwashe kwanaki yana ratsa rairayi da duwatsu kafin ya iso. Saboda haka kayan masarufi da yawa, kamar man fetur, taliya, sukari da fulawa, daga kudancin Libiya suke shigowa, don can ta fi kusa.

Mazauna wurin Tubawa ne, reshen da ke kiran kansa Teda, harshensu Tedaga, wanda ke da dangantaka da Kanuri. Babban basarakensu na gargajiya shi ne Darde, mazauninsa garin Zuwar, aikinsa kuma sasanta rigingimun gona, rijiya da diyya bisa al'ada. Gukuni Wadai, wanda ya shugabanci Chadi daga 1979 zuwa 1982, ɗan Darde ne. Duniya ta fara jin sunan Bardai sosai a 1974, sa'ad da 'yan tawayen Hisen Habre suka shiga garin suka sace wata Bafaranshiya mai binciken kayan tarihi, Françoise Claustre, wadda ba ta sami 'yanci ba sai 1977.

Dabino, lambu da kanwa

Ruwan sama a Bardai ɗan kaɗan ne ƙwarai, wata shekara ma ba ya sauka ko ɗigo. Abin da ya raya garin shi ne ruwan da ke kwance ƙarƙashin yashin kwari, wanda saiwar dabino ke kaiwa gare shi. Dabino ne ginshiƙin dukiya. Ana gadonsa, ana ba da shi a aure, kuma kowace bishiya da mai ita. Idan sanyi ya fara ja baya, masu gona kan hau su ɗaura wa macen dabino furen namiji don ta yi 'ya'ya. Lokacin girbi, wajen Agusta, makiyayan da suka bazu a tsaunuka da kwaruruka sai su dawo, gari ya cika, a yi ciniki, a biya bashi, a ɗaura aure.

A ƙarƙashin inuwar dabino ake yin lambu. Da can da jigo ake ɗebo ruwa, yanzu injin ban ruwa ya yawaita. Sanyin hunturu ya dace da alkama da sha'ir, sai tumatir da albasa; da bazara kuma a shuka gero. Mata su ne ke riƙe da gida da awaki, su ne kuma ke saƙa tabarmin kaba da ake rufa bukka da su. Maza kan yi dogayen tafiye-tafiye da raƙuma, ko kuma da mota a yau. Juriyarsu ga yunwa ta sa maƙwabta ke cewa ƙwayar dabino ɗaya kan ishi mutumin Tibesti kwana uku: ran farko ɓawo, na biyu tsoka, na uku ƙwallo.

A kan hanyar Zuwar zuwa Bardai akwai wani katafaren rami da aman wuta ya bari, zurfinsa ya doshi kilomita guda, Faransawa suka sa masa suna Trou au Natron, wato Ramin Kanwa. Ƙasansa fari fat da kanwa, wadda makiyaya ke ɗiba don raƙumansu. A Soborom kuma akwai maɓuɓɓugan ruwan zafi, inda masu ciwon gaɓoɓi da na fata kan je su yi kwanaki suna wanka.

Hira da nishaɗi

Daren hunturu dogo ne, itace kuma yana da wuya, don haka gida kan taru a bakin wuta guda. Shayi ne ke riƙe hira, ana tafasa shi a ƙaramar buta, a sha zagaye bayan zagaye ana labarin dangi, kiwo da farashin kaya. Kiɗa yana da ƙa'idarsa. A al'adar Teda bai dace babban namiji ya rera waƙa a gaban mata ba, sai dai ya bar kayan kiɗa su yi magana a madadinsa. Akwai keleli, mai kama da garaya, da kiiki, mai tsirkiya ɗaya kamar kukuma. Waƙar yabon dangi da ta biki aikin mata ce, tare da makaɗa 'yan gidan maƙera. A ranakun salla da bukukuwa ana tseren raƙuma da ado na sirdi. Samari kuwa ƙwallon ƙafa da wayar hannu sun shiga rayuwarsu kamar ko'ina.

Duwatsun kansu suna ɗauke da tarihin da ya girme wa kowa. A Gonowa, kusa da Bardai, akwai zane-zanen da mutanen dā suka sassaƙa a jikin dutse, na giwaye, raƙuman dawa da shanu, shaidar cewa wurin ya taɓa zama dausayi.

Zuwan zinariya

Tun wajen 2013 aka gano zinariya a Kuri Bugudi da Miski na yankin Tibesti, abin da ya jawo dubban masu haƙa daga sassan Chadi, Sudan, Nijar da Libiya. Kuɗi ya shigo, shaguna da motoci sun ƙaru, matasa da yawa sun bar lambu sun koma jigilar ruwa, mai da fasinja. Tashin hankali ma ya biyo baya: a watan Mayun 2022, gwamnati ta ce kimanin mutum 100 sun mutu a rikicin masu haƙa a Kuri Bugudi.

Inda sanyi ya zama sana'a

A wasu tsaunukan Afirka, sanyin da mutanen Tibesti ke jurewa shi ne abin sayarwa. Misali mafi shahara shi ne Ukaimedan a tsaunukan Atlas na Maroko, ƙauye mai tsayin kusan mita 2,600, tafiyar kimanin kilomita 75 daga Marrakesh. A nan ake wasan zamiya, inda mutum kan ɗaura dogayen faifai biyu a ƙafa, ya riƙe sanduna, ya sulalo daga kan tudu bisa dusar ƙanƙara. Tun zamanin mulkin Faransa aka fara wasan a wurin, aka kuma kafa kujerun da ke rataye a igiyar ƙarfe don kai mutane sama da mita 3,200.

Mutanen yankin Amazig ne, 'yan uwan Abzinawa ta fuskar harshe, kuma shekararsu kashi biyu ce. Daga Janairu zuwa Maris, in dusa ta sauka, kowa da abin yinsa: wani ya ba da hayar takalma da faifan zamiya, wani ya koya wa baƙi, wani ya ɗauki yara a kan alfadari, wasu su sayar da shayin na'ana'a, zuma da dafaffen nama. Mafi yawan baƙin iyalai ne daga birane da ke zuwa ƙarshen mako don 'ya'yansu su taɓa ƙanƙara. Da dusa ta narke sai wurin ya koma makiyaya. Akwai tsohuwar doka da ake kira agdal, wadda ta hana kiwo a filin tun daga bazara har 10 ga Agusta, domin ciyawa ta yi iri. Ranar da aka buɗe, iyalai kan hauro da tumaki da awaki su zauna a bukkokinsu na dutse.

Garin Ifran na Maroko, wanda Faransawa suka gina a 1929 da rufin gidaje mai gangara don dusa ta zame, ya haɗa zamiya da karatu, domin a nan Jami'ar Al Akhawayn take tun 1995. A 1935 sanyi ya kai digiri 23.9 ƙasa da sifili a garin. A ƙasar Lesoto kuma akwai filin zamiya na Afriski, inda kakar wasa ke faɗowa daga Yuni zuwa Agusta, kuma injina ke ƙera dusa idan ta sama ta gaza.

Abin da ya raba Tibesti da garuruwan zamiya

Arzikin garin zamiya ya rataya ne a kan abu uku: dusa, hanya mai kyau, da zaman lafiya. Na farkon ya fara yin rauni a Maroko, inda shekarun fari suka gajarta kakar wasa, har masu ba da haya kan wuni ba ciniki. Tibesti ba ta da dusar da za ta ɗauki zamiya, amma tana da abin da masu hawan dutse ke nema: Emi Kussi, Ramin Kanwa da zane-zanen dā. Abin da ke hana baƙi zuwa shi ne nisa, rashin kwalta, da nakiyoyin da yaƙin Chadi da Libiya ya bari a ƙasa. Maƙwabciyarta Ennedi, wadda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2016, ta fara karɓar 'yan yawon buɗe ido, kuma matasanta na samun aikin jagora da tuƙi. A Bardai dai har yanzu dabino, awaki, fatauci da zinariya ne ke ciyar da gida.