Fargabar makon farko: Yadda ɗaliban noma ke fara koyon aikin malamin gona a ƙauye

A jami'o'in Najeriya shekara biyar ake yi kafin a kammala digirin noma, kuma a shekara ta huɗu ne ake fitar da ɗalibai daga aji zuwa fili. Wasu sukan tsaya a gonar jami'a, wasu a tura su hukumomin raya aikin gona na jihohi irin su KNARDA a Kano, inda za su riƙa bin malaman gona ƙauye-ƙauye. Ɗalibin da aka tura ƙauye shi ya fi kwana da zullumi, don nan da 'yan kwanaki zai tsaya gaban dattawan da suka yi jika da shi, ya ce zai yi musu bayanin noma.

Tsarin ya daɗe. Tun 1973 Asusun Horar da Ma'aikata, ITF, ya kafa shirin SIWES, bayan an yi ta kukan cewa ɗalibai na fitowa da takarda ba su iya aiki ba. Aikin malaman gona kuwa ya bunƙasa ne a tsakiyar shekarun 1970, lokacin da aka buɗe shirye-shiryen raya karkara na Funtua da Gusau da Gombe da tallafin Bankin Duniya. A Samaru kuma akwai cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aikinta shi ne kai sakamakon bincike ga manoma.

Ranar farko yawanci a gaisuwa take ƙarewa. Za a je wurin dagaci, a cire takalmi, a zauna a tabarma, a gabatar da baƙi, daga nan a nemi sarkin noma. Ɗalibi zai koma masauki ya buɗe littafin rahotonsa ya rasa abin rubutawa, yana ganin an yi asarar yini. Alhali wanda ya tsallake wannan zama ya faɗa gonar mutane kai tsaye, ko taro ya kira ba kowa zai zo ba.

Matsala ta gaba ita ce harshe, kuma ba ta tsaya ga waɗanda ba sa jin Hausa ba. Shi kansa Bahaushen birni da Turanci ya koyi noma. Ya haddace cewa tazarar masara santimita 75 ce tsakanin kunya da kunya, 25 kuma tsakanin shuka da shuka, amma manomi da taku da kamu da taƙi yake awo. Ɗalibi zai ce NPK, manomi ya ce kamfa. Ciyawar da aka koya masa da sunan Striga, a nan ƙuduji ce ko wuta-wuta, kuma tsohon da ke saurarensa ya fi shekara 40 yana yaƙi da ita. Sau da yawa a daidai wannan gaɓa ce murya ke fara rawa, gumi ya tsatso, ɗalibi ya shiga cusa kalmomin Turanci don ya rufe kunyarsa. Manoma ba za su katse shi ba. Za su gyaɗa kai cikin ladabi har ya gama, su koma su ci gaba da yadda suka saba.

Akwai kuma tambayar da ba a koyarwa a aji: me kuka kawo mana? Mutanen karkara sun saba ganin baƙi da takardu suna rubuta sunaye, ana alƙawarin taki ko iri ko bashi. Don haka duk wanda ya sauko daga mota da littafi a hannu, ana ɗaukarsa ɗan gwamnati. Ɗalibi kuwa ba abin da ya zo da shi sai baki. Idan tsoro ya sa ya ce za a duba, to ya ɗauki bashin da ba zai iya biya ba, kuma malamin gonar yankin ne zai sha tambaya bayan ya tafi.

Inda abin ya fi haɗari shi ne shawarar magani. Tun da tsutsar nan mai cinye masara ta ɓulla a Najeriya a 2016, da wuya a fita rangadi a damina manomi bai kawo ganyen da aka huhhuda ba, yana tambayar me zai fesa. Ɗalibin da ke son a ce ya iya zai yi saurin ambaton sunan da ya tuna. Shi kuwa manomin ƙila akuyarsa ya sayar ya sayi taki, abincin shekarar gidansa ne a wannan gonar. Maganin da bai dace ba, ko awon da ya wuce kima, asarar kuɗi ne, wani lokaci har da ƙona shuka. Amsar da ta fi amfani ita ce ya ɗauki hoton ganyen da wayarsa, ya leƙa cikin kan masarar ya ga ko tsutsar na nan, ya ce zai tambayo. Manoma ba sa raina wannan, muddin an dawo da amsar.

Ɗalibai mata suna da wata dama da maza ba su da ita, domin suna shiga gidajen da aka rubuta "ba shiga". A can ake adana wake da gyaɗa, a can ake sarrafa su. Ɗalibar da ta kasa buɗe baki a dandali takan sake a tsakar gida, tana nuna yadda ake ɗaure buhun PICS mai ruɓi uku, wanda Jami'ar Purdue ta Amurka ta samar: leda biyu a ciki, buhu a waje, ƙwaro ya rasa iska ya mutu ba tare da an zuba magani ba. Ba ƙaramin darasi ba ne, idan aka tuna cewa a 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da sayen waken Najeriya saboda yawan maganin ƙwari a cikinsa.

Zuwa tsakiyar mako, ɗalibin da ya kwantar da hankali yakan fara tambaya maimakon bayani. Zai ga gero da dawa da wake a gona ɗaya, ya ɗauka rashin tsari ne. Amma tun ƙarshen shekarun 1960 masanin tattalin arziƙin noma David Norman ya yi bincike a ƙauyukan Zariya, ya nuna cewa haɗa shuka dabara ce mai riba, wadda ke kare gida idan ruwa ya yi gardama. Abin takaici ne a ce ɗalibi ya kai aji huɗu bai taɓa jin wannan ba, sai manomi ya yi masa bayani a bakin kunya.

Ranar Juma'a malamin gona zai duba littafin rahoto ya sa hannu. A mako na biyu ne ake fara barin ɗalibi ya jagoranci taro shi kaɗai, ko a ba shi ɗan fili a gonar gwaji, inda duk mai wucewa kasuwa zai ga abin da ya shuka.