Ƙonewar Gasket a Motar MGF: Inda Kuɗin Gyara Ke Tafiya

A kasuwar tsofaffin motoci babu labarin da ke karya farashi nan take kamar a ce gasket ɗin tof ya ƙone. Shi kansa gasket ɗin ba wani abu ne mai tsada ba. Falle ne siriri da ake shimfiɗawa tsakanin gangar jikin inji, wato bulok, da murfinsa na sama wanda kanikawa ke kira tof silinda. Sai dai kafin a kai gare shi dole a kwance kusan rabin injin, kuma muddin ba a gano abin da ya ƙona shi ba, sabon da aka saka ma sahun na farko zai bi.

Babu motar da ta fi dacewa a yi misali da ita kamar MGF, ƙaramar motar gudu mai kujera biyu da rufin tanti, wadda kamfanin Rover ya fitar a Ingila a shekarar 1995, yana ƙera ta a masana'antarsa ta Longbridge da ke Birmingham har zuwa 2002, lokacin da MG TF ta gaje ta. Motar ta samu karɓuwa ƙwarai, amma sunan injinta, wanda ake kira K-series, ya ɓaci a bakin masu saye saboda yawan ƙonewar gasket. Batun bai tsaya ga masu sha'awar motocin gudu kaɗai ba, domin wannan inji mai lita 1.8 shi ne a cikin Lotus Elise ta 1996 da kuma Land Rover Freelander ta farko wadda ta fito a 1997, kuma ita Freelander tana cikin motocin hannu da aka shigo da su ƙasar nan.

Aikin gasket shi ne raba abubuwa uku da ke gudana kusa da juna ba tare da sun haɗu ba: wutar da ke tashi a cikin silinda, ruwan da ke sanyaya inji, da baƙin mai. Idan ya fashe, alamar da za a gani ta danganta da katangar da ta rushe. In ruwa ya shiga mai, sai man ya koma kamar shayi da madara a jikin ma'auni da ƙarƙashin murfin zuba mai. In ruwa ya zubo cikin silinda, sai farin hayaƙi mai kauri ya riƙa fita ta salansa ko da injin ya yi ɗumi. In kuwa iskar ƙonewa ce ta kutsa hanyar ruwa, tiyo zai yi tauri kamar taya, tankin ruwa ya riƙa ɓulɓula, allurar zafi ta haura.

Duk da haka, alama ɗaya ba ta isa a buɗe inji ba. Motar da ba ta yin doguwar tafiya takan tara irin wannan kumfa a murfin mai saboda raɓa kawai. Haka kuma a wannan inji, gasket ɗin bututun shigar iska yakan yi yoyon ruwa cikin silinda, ya ba da farin hayaƙi iri ɗaya, alhali gyaransa ƙaramin aiki ne. Saboda haka bakanike mai tsoron asarar maigidansa zai fara da auna ƙarfin matsi na kowace silinda, sannan ya ɗora na'urar gwaji a bakin tankin ruwa, wadda ruwan cikinta shuɗi ke rikiɗa ya koma rawaya idan akwai iskar ƙonewa a hanyar ruwan. Kuɗin waɗannan gwaje-gwaje bai kai komai ba idan aka kwatanta da kuɗin kwance tof.

Dalilin da ya sa cutar ta fi kama wannan inji yana cikin tarihin ƙirarsa. An fara sa shi a motocin Rover a 1989 yana ɗan ƙarami, lita 1.4, duk jikinsa alminiyom ne, marar nauyi, mai saurin ɗumi. Wasu dogayen kusoshi guda 10, kowace ta haura santimita 40, su ne ke ratsa shi daga tof har ƙasa, suna ɗaure sassansa wuri guda. Da aka faɗaɗa shi zuwa lita 1.8 ba tare da ƙara girman bulok ɗin ba, sai naman ƙarfen da ke tsakanin silinda ya ragu, rarar ƙarfin da yake da ita ta tafi. Ga shi ƙananan turakun da ke daidaita tof a kan bulok na roba ne, suna barinsa ya ɗan motsa yana cin gasket ɗin a hankali.

A cikin MGF sai matsalar ta ƙaru da wata. Injin yana bayan kujeru, lagireto yana can gaba, dogayen bututun ƙarfe ne da ke bi ta ƙarƙashin mota suke haɗa su, kuma da shekaru sukan yi tsatsa su fara ɗiga. Na'urar da ke buɗe wa ruwa hanya idan inji ya yi zafi, wato tamostat, tana ɓangaren shigowar ruwa, saboda haka takan saki ruwan sanyi bagatatan a kan ƙarfe mai zafi. Ruwan da ke cikin injin kuwa kaɗan ne, ƙaramin yoyo ko murfin tanki da ya daina riƙe iska ya isa ya sa shi tafasa kafin direba ya ankara.

Wannan ne ya sa gyara na gaskiya yake farawa bayan an ɗaga tof, ba a nan yake ƙarewa ba. A MGF ta wata ƙofa da ke bayan kujeru ake shiga, wurin ƙunci ne, kuma yawancin kuɗin da maigida zai biya ladan awowin aiki ne. Ana zubar da ruwa da mai, a kulle tayimin, a cire belinsa, sannan a sassauta kusoshin nan goma bi da bi. Da zarar an cire su, ba a juya karanshaf sai an danne hannayen silinda, wato bututun da fistin ke kai-komo a cikinsu, domin a wannan inji zaune kawai suke, suna iya ɗagawa su karya hatiminsu na ƙasa.

Daga nan sai awo, kuma a nan ne ake bambance gwani da mai gaggawa. Ana ɗora miƙaƙƙen ƙarfe a fuskar tof a duba ko ya lanƙwashe. Idan ya lanƙwashe kaɗan ana kai shi injin fira a daidaita, amma abin da aka yarda a cire bai wuce kashi 2 cikin 10 na milimita ba. Alminiyom da ya sha zafi ƙwarai yakan yi laushi, har a ga zoben gasket ya bar gurbi a jikinsa, kuma irin wannan tof ko an fere shi ba ya riƙewa, sai dai a nemi wani. Haka kuma ana auna hannayen silinda huɗun, domin wajibi ne kowane ya ɗan ɗara fuskar bulok da abin da bai wuce kashi 1 cikin 10 na milimita ba. Idan sun nutse, babu gasket ɗin da zai daɗe a kansu, kuma a wannan gaɓa ce mai mota ya kamata ya tsaya ya yi lissafi, ko ya gyara bulok ko ya sayi wani inji ko ya haƙura ya sayar.

Kayan da ake mayarwa sun inganta da shekaru. An sauya turakun roba da na ƙarfe, an fito da tamostat mai buɗewa da matsin ruwa, kuma a 2006 Land Rover ya fitar da gasket na ƙarfe mai falle-falle, haɗe da ƙaƙƙarfan sashen ƙasa da kusoshin ke kamawa. Tunda an riga an cire belin tayimin, kuma shi ne ke juya famfon ruwa, tsimin banza ne a mayar da tsoffinsu, musamman da yake tsinkewar belin a wannan inji tana sa fistin ya daki bawul. Ɗaurin kusoshi kuma ba da ƙarfin damtse ake yi ba. Da sifana mai awo ake fara ɗaure su a kan 20, daga tsakiya zuwa gefe, sannan a ƙara wa kowace rabin zagaye, a sake ƙara wani rabin. A ƙarshe sai fitar da iska daga hanyar ruwa, wanda a MGF ake yi ta wurare uku. Iskar da ta maƙale ita kaɗai tana iya mayar da aikin baya cikin mako guda.

Akwai ɗabi'u biyu da suka zama ruwan dare a garejojinmu waɗanda injin alminiyom ba ya jurewa: cire tamostat da sunan maganin zafi, da cika lagireto da ruwan rijiya ko na famfo zalla. Ruwan sanyaya inji da ake sayarwa yana ɗauke da sinadarin hana tsatsa, kuma ko a inda ba a san ƙanƙara ba ana bukatarsa.

Shi kuwa kamfanin MG Rover ya durƙushe a watan Afrilun 2005, ma'aikata kimanin 6,000 suka rasa aiki, kuma a watan Yulin shekarar kamfanin Nanjing na ƙasar Sin ya saye kadarorinsa a kan fam miliyan 53. Ba gasket ne ya kashe shi ba, amma sunan da injin ya yi ya daɗe yana danne farashin motocin a kasuwar hannu. A can Ingila har yau tambayar farko da mai sayen MGF ke yi ita ce ko an taɓa canja gasket, kuma motar da ta zo da rasiɗin da ke nuna irin wanda aka saka, da awon tof, da sabon famfon ruwa, ta fi wadda aka ce ba a taɓa buɗe injinta ba kwantar wa mai saye da hankali.