Ƙananan Hikimomi a Tsarin Wasa: Nazari a Kan Super Mario da Wasannin Dandali a Ƙasar Rano

1.0 Gabatarwa

Wasa na ɗaya daga cikin al'adun da kowace al'umma take renon 'ya'yanta da su. A ƙasar Rano, wadda take cikin Hausa Bakwai, da maƙwabciyarta Kibiya, yara sun gaji wasanni irin su langa da carafke da 'yar gala-gala, manya kuma sun gaji dara. Da zamani ya zo da talabijin da janareta, sai wani baƙon wasa ya shigo, wato wasan bidiyo, wanda yara suke kira gyam. Daga cikin waɗanda suka fi yin fice a wannan rukuni akwai Super Mario.

Wannan babi zai dubi wasu ƙananan abubuwa da aka saka a cikin tsarin Super Mario, waɗanda masu sha'awarsa suke yabawa, sannan ya kwatanta su da takwarorinsu na wasannin dandali. Manufar ita ce ɗalibi ya fahimci cewa daɗin wasa da ɗorewarsa ba a sunansa ko a labarinsa suke ba, suna cikin ƙananan dokoki da dabarun da mai kallo daga nesa ba ya lura da su.

2.0 Taƙaitaccen Tarihin Wasan

Kamfanin Nintendo na birnin Kiyoto a ƙasar Jafan ne ya ƙirƙiri Mario. An kafa kamfanin a shekarar 1889, kuma da buga katin karta ya fara. Mario ya fara bayyana a shekarar 1981 a cikin wani wasa mai suna Donkey Kong. A shekarar 1983 kamfanin ya fitar da na'urar wasa ta gida mai suna Famicom, wadda ake jonawa da talabijin, kuma a kanta ne Super Mario Bros. ya fito a watan Satumba na shekarar 1985. Shigeru Miyamoto da Takashi Tezuka ne suka tsara shi, Koji Kondo kuma ya haɗa masa kiɗa. An sayar da fiye da kwafi miliyan 40.

Wasan yana cikin rukunin da za a iya kira wasannin tsallake-tsallake. Ɗan wasa yana sarrafa wani ɗan mutum mai gudu daga hagu zuwa dama, yana tsallake ramuka da abokan gāba, har ya kai ga tutar da ke ƙarshen zango. Akwai duniyoyi 8, kowace da zango 4, wato zango 32 ke nan. A Nijeriya, yawancin yaran da suka yi wasan a shekarun 1990 da 2000 ba a kan na'urar Nintendo ta asali suka yi shi ba. Kwaikwayonta masu araha ne, ƙirar Caina da Taiwan, suka cika kasuwannin birane irin su Kano, daga nan kuma suka bazu zuwa garuruwa.

3.0 Hikimar Koyarwa Ba Tare da Magana Ba

Abu na farko da masu nazarin wasan suke yabawa shi ne zangon farko, domin babu rubutun da yake gaya wa ɗan wasa abin da zai yi, amma duk da haka yana koyon komai. Da an kunna, Mario yana tsaye a gefen hagu na fuskar talabijin, yana fuskantar dama, gabansa kuma fili ne fetal. Wannan kaɗai ya isa ya nuna inda za a dosa. Idan aka yi gaba, hoton ba ya komawa baya, saboda haka babu batun ɓata hanya.

Daga nan sai abokin gāba na farko, wanda ake kira Goomba, ya taho shi kaɗai, a hankali, a kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa. Wanda bai yi tsalle ba zai mutu, amma asararsa kaɗan ce, tun da bai yi nisa ba. A saman wurin akwai wasu tubala masu alamar tambaya suna walƙiya, waɗanda suke jan hankali a doke su da ka. Daga ɗayansu lemar kwaɗi take fitowa, ta gangara dama, ta faɗo ƙasa, ta bugi wani koren bututu, sannan ta juyo kan Mario. Baƙon ɗan wasa yakan ɗauka ita ma abokiyar gāba ce, ya yi ƙoƙarin tsallake ta, amma tubalan da ke bisa kansa sai su tare shi, ta taɓa shi, ya ga ya ƙara girma. Ta haka ya koyi bambanta mai cutarwa da mai amfani, ba tare da an ce masa uffan ba. Gani ya kori ji.

Can gaba a wannan zango akwai matakala biyu masu kallon juna, da rata a tsakaninsu. Wanda ya faɗa ratar ba abin da zai same shi, domin akwai ƙasa a ciki. Jim kaɗan sai a sake cin karo da irin wannan matakala, amma a wannan karon rami ne a tsakani. Wato an ba ɗan wasa damar gwaji kafin jarrabawa.

Wannan hikima ba baƙuwa ba ce a dandalin Hausa. A carafke, yarinya tana wurga tsakuwa sama ta ɗauki ɗaya daga ƙasa kafin ta cafe, sai ta ci wannan mataki sannan ta koma ɗaukar biyu-biyu, sannan uku-uku. Hannu yana sabawa da mai sauƙi kafin ya kai ga mai wuya. Haka kuma a 'yar gala-gala, gidan da ya fi kusa da mai wasa shi ake fara jefa wa tsingaro, sannan a riƙa nisantawa gida-gida. Babu wanda yake zaunar da ƙaramar yarinya ya karanta mata dokoki. Tsarin wasan ne malaminta.

4.0 Hikimar da Rashi Ya Haifar

Rukuni na biyu na waɗannan ƙananan abubuwa ya samo asali ne daga ƙarancin kayan aiki. Hoton talabijin ɗige-ɗige ne ƙanana, kuma tsayin Mario na farko bai wuce ɗigo 16 ba. A irin wannan ƙanƙanta, zana baki da gashin kai yana da wuya. Saboda haka aka yi masa gashin baki domin hancinsa ya fito sosai kuma a huta da zana baki, aka sa masa hula domin a huta da zana gashi, aka kuma sa masa wando mai haɗe da ƙirji irin na makanikai, mai launi daban da na rigarsa, domin a riƙa ganin motsin hannuwansa idan yana gudu. Kamannin da duniya ta san shi da su yau, dabarun fita daga matsala ne.

Gaba ɗaya wasan na 1985 kilobayit 40 ne, wanda bai kai nauyin hoto guda da ake ɗauka da wayar hannu a yau ba. Don haka dole aka yi tsimi. Gajimaren da ke sama da kurmin ciyawar da ke ƙasa zane ɗaya ne, launi kawai aka sauya, wancan fari, wannan kore. Luigi, ɗan'uwan Mario, shi ma zanen Mario ne aka sauya wa launin tufafi. Tafiyar Goomba hoto guda ne ake jujjuyawa hagu da dama, sai ido ya ga kamar yana taku. Ƙarar da ake ji idan Mario ya shiga bututu ita ce dai ake ji idan an taɓa shi ya koma ƙarami. Mutane da yawa sun shekara suna wasan ba su lura ba, kuma ranar da suka lura sai sha'awarsu gare shi ta ƙaru.

Bahaushe ya ce rashin uwa kan sa a yi uwar ɗaki. A nau'in darar da ake yi a gurabe 30, shida a tsaye biyar a kwance, ba a buƙatar allo. Ƙasa ake tonawa. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12, kuma tun da babu fenti, sai wannan ya ɗauki tsakuwa, wancan ya ɗauki guntayen kara. Ko daga nesa mai kallo yana gane na wane ne. Ƙasa mai duwatsu irin ta Rano da Kibiya ba ta rasa tsakuwa, kuma bayan kaka ba ta rasa kara. Kayan da ke kusa su suka ba wasan siffarsa, kamar yadda ƙarancin ɗige-ɗige ya ba Mario gashin baki.

5.0 Hikimar Saka wa Mai Lura

Rukuni na uku shi ne abubuwan da aka ajiye domin mai natsuwa. Tsallen Mario ba iri ɗaya ba ne: wanda ya ɗan taɓa madanni zai yi gajeren tsalle, wanda ya danne shi zai tashi sama sosai, wanda ya taho a guje kuma zai yi nisa. Idan ya tsaya daga gudu, sai ya ɗan zame kafin ya tsaya cak, kamar mai nauyi a jiki. Da madanni ɗaya ake bambanta gwani da ɗan koyo.

Akwai tubalan da ba a gani sai an doke su, har da wanda yake ba da ƙarin rai a zangon farko. A zango na biyu, wanda ya yi dabarar hawa saman rufi ya bi ta can zai tarar da bututu uku masu tsallakar da shi zuwa duniyoyin gaba. Sulalla 100 suna ba da ƙarin rai. Makin tuta yana ƙaruwa gwargwadon tsayin inda aka kama sandarta, daga 100 har zuwa 5000. Idan aka kama ta alhali lambar ƙarshe ta agogo 1 ce ko 3 ko 6, sai tartsatsin wuta ya tashi a sama daidai wannan adadi. Idan lokaci ya ragu zuwa 100 kuma, kiɗa yana ƙara sauri, kunne ya sanar da ɗan wasa abin da idonsa ba shi da zarafin dubawa.

Wasannin da suka biyo baya sun ci gaba da wannan ɗabi'a. Super Mario Bros. 3 na shekarar 1988 yana buɗewa da ɗaga labule, wasu dandamalinsa an ɗaure su da kusoshi suna jefa inuwa a bango, kamar kayan dandamalin wasan kwaikwayo. Masu sha'awa sun daɗe suna hasashen cewa dukkan wasan kwaikwayo ne, har Miyamoto ya tabbatar da haka a shekarar 2015. A nan ne kuma aka kawo wata fatalwa mai suna Boo, wadda take rufe fuska idan an kalle ta, ta biyo mutum idan ya juya baya. A Super Mario World na 1990, da zarar Mario ya hau dabbarsa Yoshi sai a ji an ƙara ganguna a cikin kiɗan, da ya sauka su yi shiru. A Super Mario 64 na 1996, idan aka ajiye shi ba a taɓa ba, sai ya zauna ya yi gyangyaɗi har barci ya kwashe shi.

Wasannin dandali ma suna da irin wannan. A dara, jera 'ya'ya uku a layi shi ne ci, amma ba a yarda a jera ukun tun lokacin zuba 'ya'ya ba, kuma jerin huɗu ba ci ba ne. Waɗannan dokoki biyu su ne suke hana wasan ƙarewa tun bai fara ba, su kuma suke ba gwani damar yi wa abokin karawarsa tarko. A langa, sharaɗin riƙe ƙafa ɗaya da hannu shi ne ran wasan, domin wanda ya saki ƙafarsa ya fita. Idan aka cire wannan sharaɗi, abin da ya rage tsere ne da ture-ture kawai. A 'yar gala-gala kuwa, taka layi faɗuwa ce. Siririn zane a ƙasa shi yake yin aikin da rami yake yi wa Mario.

6.0 Muhimmancin Wannan Nazari ga Ɗalibin Hausa

Ƙananan hikimomin Super Mario sun tsira domin an adana su: wasan yana nan kamar yadda aka yi shi a 1985, waɗanda suka tsara shi kuma sun yi bayani an rubuta. Wasannin dandali ba su da wannan gata. Dokokinsu a ƙwaƙwalwar masu yin su suke, kuma sukan ɗan bambanta daga gari zuwa gari. Ɗalibin da aka tura nazarin wasannin gargajiya yakan dawo da sunan wasa, da jinsin masu yin sa, da lokacin da ake yi, sannan ya rufe da cewa yana motsa jiki yana kuma kawo zumunci. Wanda ya karanta irin wannan rahoto ba zai iya yin wasan ba. Idan dattawan da suka san yadda ake ƙirga ci, da abin da yake ɓata wasa, da yadda ake raba gardama suka ƙaura, sunan zai saura amma wasan ya tafi.

Saboda haka, ya kamata mai nazari ya zauna a gefen 'yan dara ko a bakin dandali, ya yi tambayoyi irin waɗannan: da me ake farawa, kuma me ya sa? Wane kuskure ake yafe wa ɗan koyo? Wace doka ce idan aka cire ta wasan zai lalace? Me gwani ya sani wanda ɗan koyo bai sani ba? Haka kuma, malamin gobe yana da darasi a zangon farko na Mario da matakan carafke: a fara da mai sauƙi, a bar yaro ya yi kuskure inda kuskuren ba shi da tsada, sannan a jarraba shi.

7.0 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa ƙananan abubuwan da ake yabawa a Super Mario sun kasu gida uku: masu koyarwa ba da magana ba, da waɗanda rashin kayan aiki ya haifar, da masu saka wa mai lura. An kuma ga cewa carafke da 'yar gala-gala da dara da langa, waɗanda ake yi a Rano da Kibiya da sauran ƙasar Hausa, suna ɗauke da irin waɗannan hikimomi. Bambancin shi ne, na Mario an rubuta su, na dandali kuwa suna jiran mai rubutawa.

Tambayoyi

1. Bayyana hanyoyi uku da zangon farko na Super Mario yake koyar da ɗan wasa ba tare da rubutu ba.
2. Ta yaya ƙarancin kayan aiki ya yi tasiri a kan siffar Mario da kuma kayan wasan dara?
3. Zaɓi wasan gargajiya ɗaya da ake yi a garinku, ka rubuta dokokinsa dalla-dalla, yadda wanda bai taɓa ganin sa ba zai iya yin sa.